Kawu Hudu da Jiran Haiba

Duk wanda ya taɓa bi ta ƙofar gidan Kawu Hudu da safe a shekarunsa na ƙarshe ya san gaisuwarsa. Yana zaune a kan dakali, sandarsa a jingine, tsintsiya a gefen ƙafarsa. Ka yi sallama ya amsa, ya tambayi kwana, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali, sannan ya sassauta murya kamar mai tambayar jikin mara lafiya: "To, ta iso wajenku?"

Baƙo yakan ɗauka damina ake nufi, ko wata amarya. Mu 'yan gida mun sani. Wayar talabijin ce, wadda aka ce za a binne a ƙasa ta riƙa shiga gida-gida, wadda kowa a Dutse yake kira faiba, shi kaɗai yake kiranta haiba. Idan ka ce ba ta iso ba, sai ya gyaɗa kai cikin gamsuwa ya ce, "Ai ta nan za ta fara." Idan kuwa ka kuskura ka ce ka ji an ja ta a wajen sakatariya, to ka nemi wurin zama, don ba za ka tafi ba sai ka faɗi wanda ya gaya maka, da wanda ya gaya wa wanda ya gaya maka.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Malamin gona ne a Kiyawa har ya yi ritaya ya dawo Dutse. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana gaya wa manoma abin da ke damun geronsu, ba shi ne za a zaunar a gaya masa abin da ke damunsa ba. Abin da ke damunsa kuwa a fili yake: yanar ido ce ta fara rufe masa gani. Matarsa Inna Laraba ta sani, 'ya'yansa sun sani, mai shayin bakin titi ma ya sani. Shi kaɗai ne bai sani ba, ko kuma ya ƙi sani.

Ina wurin ranar da ya gano wanda zai ɗora wa laifi. Muna zaune a falo bayan la'asar ana kallon labarai, wata mata sanye da farin mayafi tana karantawa. Kawu ya matso da kujerarsa, ya ƙanƙance ido, ya ce, "Ikon Allah! Shi kuma wannan limamin me ya kai shi karanta labarai?"

Inna ta ce, "Malam, mace ce."

"Mace da farin gemu?"

"Mayafi ne."

Can sai ya buga sanda a ƙasa. "Na gano! Wannan kwanon da ke kan rufi, yaya sunansa?"

Muka ce, "Dishi."

"To! Su da kansu masu ƙera shi sun gaya muku gaskiya, ku ne ba ku da kunne. Dishi. Dishi-dishi! Komai dishi-dishi yake nunawa, shi ya sa aka raɗa masa sunan."

Na ce, "Kawu, kalmar Turanci ce, faranti take nufi."

Ya juyo wajen da yake jin muryata. "Kai da kake aiki a gidan rediyo, wa ya taɓa ganin fuskarka, balle ka yi mana bayanin hoto?"

Inna ta ce, "To ni da kake gani dishi-dishi fa, ni ma a kan rufin nake?"

Ya ce, "Ke kin daɗe da dusashewa, Hajiya. Wannan ba laifin kowa ba ne."

Ba a daɗe ba sai ga leburori sun shigo layinmu da diga da shebur, suna haƙa dogon rami a gefen titi, suna shimfiɗa wani bututu ruwan goro. Kawu ya fito ya tsaya a kansu, hannu a baya, kamar yadda yake tsayawa a kan manoma. Shugabansu, wani saurayi mai haƙuri, ya yi masa bayani. Ya ce ta cikin bututun za a zura wata waya, a cikinta akwai zaren gilashi siriri kamar gashi, haske ne ke gudu a ciki, shi ke kawo hoto. Babu ruwanta da hadari, babu ruwanta da iska, hoto kuma tar.

Kawu ya ce, "Tar?"

"Tar, Baba."

"Ba dishi-dishi ba?"

"Ko kaɗan."

"Yaushe za ta zo?"

Saurayin ya ce, "Nan ba da jimawa ba."

Ni da nake karanta wannan magana a labarai kusan kullum, na san ba ta da rana, ba ta da wata. Mun karanta ta a kan gada, mun karanta ta a kan taki, mun karanta ta a kan ruwan famfo. Amma Kawu bai taɓa aikin jarida ba, sai ya ɗauke ta a matsayin alkawari. A makon nan ya sa aka sauko da dishi daga kan rufi, ya miƙa wa Inna, ya ce, "Ga shi nan, tunda an ce faranti ne." Kawu ba ya zubar da komai, kun sani. Daga ranar Inna ta samu wurin shanya, kuma a duk unguwar babu wadda barkononta ke bushewa da wuri kamar nata. Shi kuma ya tsaya a gaban majalisarsu ta ƙarƙashin darbejiya ya yi rantsuwa: idonsa ba zai sake kallon talabijin ba sai ta haiba.

Leburorin suka kai daidai ƙofar gidansa, aiki ya tsaya. Suka kwashe kayansu suka tafi, suka bar ramin a buɗe, bakin bututun ya leƙo sama kamar wuyan tulu. Mu mun ga aikin da aka watsar. Kawu ya ga alama. "Duk faɗin Dutse," in ji shi, "a ƙofar wa ta tsaya?" Ya samo tsohuwar safa ya rufe bakin bututun, kullum da safe ya share ramin, ya kori awaki, ya kori yara, sannan ya cire safar ya kafa ido a bakin bututun ko zai hango haske na tafe.

Abokin faɗansa a wannan lamari, kamar a kowane lamari tun suna yara, shi ne taubashinsa Alhaji Ado, mai sayar da iri da taki a kasuwar Shuwarin. Ku da kuka san su kun san idan suka yi kwana biyu ba su zagi juna ba, to ɗayansu ba shi da lafiya.

Alhaji Ado yakan ce, "Kai tsohon banza, faiba ake cewa. Fai-ba. Buɗe baki ka faɗa."

Kawu ya ce, "Haiba."

"Haiba ai kwarjini ne."

"To me ka ga ana binnewa? Unguwar da ta samu wannan waya ta samu kwarjini. Kai da ba ka taɓa samun ko ɗaya ba, dole sunan ya yi maka nauyi a baki."

Wata rana da hantsi Kawu ya aika a tara majalisa cikin gaggawa. Aka zo aka same shi durƙushe a bakin rami, kunne a jikin bututu, fuska cike da annuri. Ya ɗaga hannu a yi shiru. "Ta taso," ya ce. "Ina jin gurnaninta. Wanda bai yarda ba ya zo ya saurara."

Gaskiya akwai ƙara. Ni ma na ji ta daga inda nake tsaye, wani zuuu mai zurfi. Alhaji Ado ya tattare babbar riga, ya ture Kawu gefe, ya ce, "Matsa, kurman banza." Ya fizge safar, ya manna kunnensa a bakin bututun.

Ashe safar ta daɗe da hujewa, rina sun shiga sun yi gida. Wallahi ban taɓa sanin mutum mai tumbin Alhaji Ado zai iya tsallake rami da tsalle ɗaya ba. Hula ta yi gabas, takalmi ya yi yamma, majalisa ta watse kamar an jefa dutse cikin zabbi. Shi Kawu ko ɗaya ba ta harbe shi ba. Yana nan zaune, yana jin ihu yana tambayar me ya faru. Da aka gaya masa, sai ya ɗaga murya ya bi Alhaji Ado da ita: "Na gaya maka ba ta son a ce mata faiba!"

Kunnen Alhaji Ado ya kumbura ya yi kamar waina. Ya yi mako ba ya iya sa hula daidai.

Sai kuma maganar zakara. Kun san Kawu da riƙon hannu. Baƙo a gidansa ruwan randa ne, idan ya zo daga nesa a ƙara masa da addu'a. Akwai wani jan zakara da Inna ta daɗe tana roƙo a yanka, yana cewa ai agogo ne, ba a yanka agogo. To ran nan sai ga samari sun sauka daga mota a ƙofar gida, da tsani, da riguna masu ƙyalli, da wani abu a naɗe. Kawu ya hango ƙyallin, ya ji ƙarar tsani, bai tambayi komai ba. Ya leƙa cikin gida ya ce, "Hajiya, sun zo! A kama agogon nan."

Aka shimfiɗa musu tabarma a zaure. Samarin suka dubi juna, suka dubi kwano, suka ga ba su da dalilin yin gardama. Suka ci, suka suɗe hannu, suka yi godiya. Kawu ya ce, "Yau ɗin nan za ku gama?"

Babbansu ya ce, "Yanzu ma, Baba. Mannawa kawai za mu yi."

Kawu ya juya ya gaya wa Inna, "Kin ji? Ashe manna ta ake yi."

Suka hau tsani, suka manna hoton wani ɗan takara, tsayinsa ya kai na mutum, a jikin katangar da ke fuskantar gidan, suka shiga mota suka tafi. Babu wanda ya iya gaya wa Kawu. Ya ɗauka sun koma ɗauko sauran kaya ne.

Bayan 'yan kwanaki ya shigo gida ransa a ɓace. Ya ce, "Akwai wani bawan Allah da ke tsayuwa jikin katangar can tun safe har yamma. Kullum sai na yi masa sallama, bai taɓa amsawa ba. Ɗan gidan wane ne?"

Inna ta ce, "Malam, takarda ce. Hoton ɗan takara ne, shi baƙinka suka manna."

Ya gyaɗa kai. Sannan ya ce, "Tun bai ci zaɓe ba ya daina amsa sallama? Wannan zai yi nisa." Ya juyo wajen Inna. "To zakarana fa?"

Alhaji Ado, wanda Allah ya kawo shi daidai lokacin, ya amsa daga zaure: "Ya shiga siyasa!"

Mun yi dariya har da hawaye. Amma dariyar ba ta yi nisa ba. Da damina ta sauka, wata rana Kawu ya fito zai tafi sallar la'asar, ya taka inda yake zaton ƙasa ce, ya faɗa cikin ramin da shi da kansa yake sharewa. Ya gurɗe ƙafa, ya fasa goshi. Da na zo duba shi, Inna ta ja ni gefe wajen murhu. Ta ce jikokinsa ma sai sun yi magana yake gane su, kuma an gaya mata idan yanar ta daɗe ta tsufa a ido, aikin yakan yi wuya. Mun yi masa maganar asibiti ba sau ɗaya ba. Amsarsa ɗaya ce: "Idon da ke hango tsutsa a karan dawa daga kan babur? Ba za a sa mini wuƙa a ido saboda laifin faranti ba. Ku bari haiba ta zo, ku ga wanda zai fi wani gani."

Inna ce ta samo dabarar. Ta ce, "Malam bai taɓa yin abin da aka ce ya yi ba. Amma bai taɓa barin abin da Alhaji Ado ya ce ba zai iya ba." Aka kira Alhaji Ado, aka yi masa bayani. Ya shafa kunnensa, ya ce ya daɗe yana jiran irin wannan rana.

Washegari ya shigo ya tarar da Kawu a kan tabarma, ƙafa a ɗaure. Ya zauna yana fifita da hula, ya ce, "Ka ji sabon labari? An ce wayar nan taka ba kowa ake jona wa ba. Hasken cikinta ya fi ƙarfin idon tsofaffi, sai an gwada idon mutum a asibiti. Ni na je an gwada nawa."

Kawu ya ce, "Aka ce me?"

"Na ci. Likita har da jinjina. Kai kam kada ka wahalar da kanka, faɗuwa za ka yi. Idan ta zo sai ka riƙa zuwa gidana ina ba ka labarin abin da ake nunawa."

Kawu ya tashi zaune. "Kai ka ci? Kai da ka auri mace ba ka lura ta fi ka tsawo ba sai bayan suna?" Ya juyo. "Ina ɗan jaridar nan? Kai, da gaske ne wannan magana?"

A wurin aiki an koya mana kada mu faɗi abin da ba mu tabbatar ba. Na gyara murya kamar ina gaban makirfo, na ce, "Abin da muka tabbatar, Kawu, shi ne haske ne ke tafiya a cikin wayar. Haske kuwa da ido ake ganinsa."

Ya ce, "Hajiya, ɗauko mini babbar rigata. Kai kuma kira adaidaita."

Likitar da ta duba shi yarinya ce sa'ar jikarsa. Ta zaunar da shi ta ce ya karanta abin da ke jikin allo. Ya ce, "Idan an kawo allon zan karanta." Allon yana gabansa. Ta haska masa ido, ta duba, ta ce, "Baba, yanar ido ce a duka biyun. Idan ba a cire ta ba, ko wace irin waya aka kawo, ba za ka ga haskenta ba."

Na zaci zai tashi ya fita. Sai na ji ya ce, "Shi Ado an cire masa?"

Ta ce ba ta san wani Ado ba.

"To cire mini, 'yata. Amma ki zama shaida, don haiba aka yi, ba don ciwo ba."

Aka yi ɗaya, bayan ya warke aka yi ɗayan. Ranar da aka sallame shi gaba ɗaya, bai yarda an wuce da shi gida ba. Ya ce a kai shi gidan Alhaji Ado ya nuna masa idon da ya ci jarrabawa. Muka yi sallama muka shiga falo, ashe talabijin a kunne take, ana nuna wasan dambe. Kawu ya ɗaga hannu zai kare fuska saboda rantsuwarsa, amma ido ya riga hannu. Ya tsaya cak. Ana ganin zufa a kafaɗar ɗan dambe, ana ganin zaren da ya naɗe hannu da shi, ana ganin layar da ke wuyan makaɗi.

Ya ce a hankali, "Ado, an kawo maka haiba ne?"

Alhaji Ado ya ce, "Dishi ne. Irin wanda matarka ke shanya barkono a ciki."

Kowa na jira. Shekara da shekaru Alhaji Ado yana neman ranar da Kawu zai ce na yi kuskure, ga ta ta zo har cikin falonsa. Kawu ya matsa kusa da akwatin, ya duba, ya ja baya, ya sake dubawa. Sannan ya juyo yana murmushi.

"Kun gani ko? Sun ji haiba na tafe, tsoro ya kama su, sun gyara kayansu!"

Alhaji Ado ya cire hula ya jefe shi da ita. Kawu ya cafe ta a sama, da hannu ɗaya.

Kaffarar rantsuwa ya yi, ya ciyar, amma bai mayar da dishi kan rufi ba. Ya ce wanda ya gyaru don tsoro, idan tsoro ya wuce zai koma halinsa. Ya ci gaba da zama a dakali yana jira, sai dai yanzu tun daga bakin layi yake gane mai zuwa, ya kira shi da sunansa da na ubansa. Ya ga damina biyu da sababbin idanunsa. Bayan an gama girbi ya kwanta 'yar gajeriyar jinya, Allah ya karɓi abinsa. Wayar ba ta zo ba, har yau da nake wannan rubutu ba ta zo layin ba.

Bayan an share makoki na zauna da Inna a tsakar gida, take gaya mini abin da ban sani ba. Ta ce ya daɗe da daina saukar da Alƙur'aninsa daga inda yake rataye a cikin gafaka. Idan ta tambaya sai ya ce abin da ya haddace ya ishe shi. Washegarin ranar da muka dawo daga gidan Alhaji Ado, bayan gari ya waye, ya ce ta miƙo masa. Ya zauna a bakin ƙofar ɗaki inda haske ke faɗowa, ya buɗe, ya ɗora yatsa, ya fara karatu. Tana shara tana jin sa. Can sai ta ji muryar ta tsaya. Ta waiwaya ta ga hawaye na bin gemunsa.

Ta ce, "Malam, lafiya?"

Ya ce, "Hayaƙin murhunki ne."

Inna ta dube ni, ta goge nata idon da bakin mayafi. Ta ce, "Ko wuta ban hura ba tukuna."

Allah ya jiƙan Kawu Hudu. Allah ya yafe masa kurakuransa, har da waɗanda bai taɓa amsawa ba. Allah ya sa karatun da ya yi a bakin ƙofar nan ya zame masa abokin zama a kabari, ya ba Inna da Alhaji Ado haƙurin rashinsa. Mu kuma idan tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.